Na Ce Mata Da Sauƙi

Surukina ya faɗo daga saman akori-kura ne a hanyar kasuwar Danja, lokacin kakar masara, ƙashin cinyarsa ya karye. 'Ya'yansa maza duk suna kudu, matata kuma tana jego, don haka jinya ta faɗo kaina a wani asibiti a Funtuwa. Ni da shekara tara ban taɓa cin abinci a gabansa ba, sai ga ni ina miƙa masa gwangwanin fitsari ina kallon bango.

Ranar farko lafiya lau. Har tsiya ya yi mini, wai ashe malamin makaranta ya iya dama fura.

Kashegari bayan azahar sai ya canza. Ya shiga haki kamar wanda ya yi gudu, yana fizge riga. Ya kira sunana gatsau, abin da bai taɓa yi ba, ya soma zagina da irin kalmomin da ko a tasha ba kowa ke faɗa ba, har ya ambaci 'yarsa a ciki. Masu jinyar gadon kusa suka juyo. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi. Na ce a raina, to, yau dai tsoho ya amayar da abin da ke cikinsa. Da rigar ta zame na hango wasu ƙananan ɗigo jajaye-jajaye a hammatarsa da gefen wuya. Ban tsaya dubawa ba. Wa ke ƙare wa jikin surukinsa kallo? Na ja zane na rufe shi har wuya, na fita baranda na zauna ina huci.

A nan wata nas ta same ni, tana sauri da tire a hannu.

“Malam, ya jikin Baba?”

“Da sauƙi,” na ce.

Haka muke amsawa, ko mutum na gargara. Amma kada in ɓuya a bayan al'ada. Na san ba sauƙi. Ba na son ta shiga ta ji abin da yake faɗa a kaina ne kawai. Ta wuce wani ɗakin.

Sai bayan la'asar likita ya zo zagaye. Ya yaye zanen nan, ya ga jajayen ɗigon da na rufe, ya buɗe idon Baba ya duba, nan take aka ruga neman iskar oksijin. Daga baya ya yi mini bayani cewa wani lokaci in babban ƙashi ya karye, kitsen ɓargo kan shiga jini ya je ya toshe ƙananan hanyoyi a huhu da ƙwaƙwalwa. Zagin nan ba Baba ne ke yi ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta rasa iska. Ya tambaye ni tun yaushe ya fara. Wallahi na buɗe baki na ce yanzun nan.

Baba ya cika kwana biyu bayan haka, bai farfaɗo ba. Ban sani ba ko awa ukun nan da sun cece shi. Ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

A wurin zaman makoki a Tsiga, dattawa suka yi ta nuna ni, wai ga surukin da ya fi ɗan cikin mutum. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunyar surukai ce.

Matata har yau takan tambaye ni ko Baba ya bar mata wata magana kafin ya fita hayyacinsa. Nakan ce ya sa mata albarka. Sai ta yi mini godiya.