Baba Martins da Tsutsotsin Lemo

Shekara talatin da ɗaya Martins Dogara ya yi yana ɗaukar hoto a unguwar PZ, a wani ɗan shago da ke manne da na Ayodele mai gyaran agogo. Ya ɗauki 'yan makaranta, ya ɗauki amare, ya ɗauki sababbin kuratan soja, har gawa ya ɗauka in dangi sun nema. Da wayoyi suka cika gari, kowa ya zama mai hoton kansa, bai tsaya jayayya ba. Ya naɗe labulen nan da aka zana wa teku da jirgin ruwa, ya ɗauki ƙafar kyamara, da buhu guda na 'yan robobin fim, baƙaƙen nan masu murfi, ya koma gidansa a Samaru.

Robobin ba su zauna banza ba. Allura, irin alayyafo, maɓalli, ƙwayar magani, duk abin da yake tsoron ya ɓace ko ya fashe, ciki yake sakawa ya danna murfi. Matarsa Jemimah, malamar firamare ce da ta yi ritaya, takan ce da za ta shiga, da tuni ya rufe ta a ɗaya.

Bayan gidan akwai fili da bai fi shimfiɗa tabarma huɗu ba. Jemimah ta shuka yakuwa da barkono, da lemun tsami guda da ta raina tun yana ɗan tsiro. Wata safiya ta daminar farko bayan ya bar shago, ta tarar an cinye ganyen lemon, ga wasu abubuwa kamar kashin tsuntsu a kai, amma suna tafiya. Ta ɗebo toka.

"Dakata, Maman Peculiar," in ji shi. "Bari in ɗauke su tukuna."

"Hoton tsutsa? Baban Peculiar, zaman gida ya fara taɓa ka."

Ya yanki reshen ya sa a bokiti, ya rufe da tsohon gidan sauro. Yana kallo, kashin tsuntsu ya zama koriyar tsutsa mai kauri kamar ɗan yatsa, wadda in ka taɓa ta sai ta fito da wasu ƙahoni biyu masu wari. Yana kallo ta daina ci, ta ɗaura kanta a tsinke da zare, ta ƙame. Wannan shi yake kira ƙwanso. Bayan kwana goma sha ɗaya ya dawo daga kasuwa ya tarar da ƙwanson ya tsage, ga malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigon rawaya yana lilo a jikin gidan sauron. Ya buɗe masa, ya tafi.

Daga nan aka raba lemon. Rassa biyu na gefen katanga nasa ne, sauran nata. Tsutsar da ta ƙetare iyaka kuwa, kaji ne ke shari'arta.

Cikin shekara huɗu ya saki sama da sittin. Da kyamarar da 'yarsu Peculiar ta aiko masa daga Kaduna ya ɗauki ƙwai, ƙanana kamar ƙwayar gero, ya ɗauki tsutsa a kowane mataki, ya ɗauki ƙwanso ta gaba da ta baya. Hoto ɗaya ne ya gagare shi: lokacin da ƙwanson ke tsagewa, kai ya leƙo. Abin ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, kuma da safe yake faruwa. Sau ɗaya yana wanka. Sau ɗaya dattawan coci suka yi sallama, gaisuwa ta yi tsawo. Sau ɗaya yana zaune a gabansa tun asuba, da ya danna, batir ya mutu.

A watan biyu na bana likita ya gaya masa hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya yi nisa. Na dama, wanda yake leƙen kyamara da shi, ana ɗiga masa magani, amma likitan bai yi alkawarin zai kai shi daminar baɗi da ganin ƙananan abubuwa ba. Baba Martins bai gaya wa kowa ba ban da Jemimah.

Daminar ta zo da ƙarancin tsutsa, tsuntsaye da zanzaro suka kwashe yawancinsu. A watan goma, ruwa ya ɗauke, ƙwanso ɗaya tak ya rage masa. Ranar Juma'a da yamma ya duba ya ga ya yi duhu, ɗigon fiffike na nunawa ta cikin ɓawo. Gobe da safe ke nan.

Gobe da safe kuma sunan jikan Ayodele a Sabon Gari. Martins ne ya ɗauki auren Ayodele, shi ya ɗauki sunan 'yarsa Toluwani, shi ya ɗauki aurenta. Yanzu ta haihu, kuma su da sassafe suke suna.

"Ka kira shi ka ce ba ka jin daɗi," in ji Jemimah.

"In yi wa Ayo ƙarya?"

"To ka gaya masa gaskiya, ka ce tsutsa za ta haihu."

"Mutumin da ya ajiye mini kujera kusa da fasto?"

"Ka bar mini kyamarar."

"Da me zan ɗauki sunan, da faranti?"

Ya yanke shawarar tafiya da shi. In ya isa zai kafa tsinken a bakin kwalba a kan taga, yana aiki yana leƙe. Saura yadda zai kai shi lafiya, ga ramukan hanya, ga matsin bas. Bai yi wani dogon tunani ba. Ya gutsure tsinken daidai tsawo, ya shimfiɗa auduga a robar fim, ya kwantar da ƙwanson, ya danna murfi, ya sa a aljihun gaban riga.

Bas ta tsaya a Kwangila ta ƙi tashi sai ta cika. Ƙarfe bakwai da kwata ya isa, ana waƙa. Ayodele ya hango shi daga ƙofa, ya zo ya kama hannunsa.

"Oga Martins! Tsohon banza, sai yanzu? Fasto ya ce ba zai buɗe baki ba sai ka zo. Shiga, shiga!"

"Ba ni kwalba ɗaya, Ayo."

"Kwalba da safen nan? Ka yi aiki tukuna, akwati guda na ajiye maka."

Aka tura shi gaba. Fasto ya ɗaga jariri, Martins ya ɗauki hoto. Aka ɗanɗana masa zuma da gishiri, ya ɗauka. Aka fara karanta sunaye, domin kowane babba a dangi da sunan da ya kawo. Sha huɗu aka karanta kafin a tsaya a kan Tomiwa, kuma duk wanda ya ba da suna sai ya rungumi yaron an ɗauke shi. Hannun Martins ya kai aljihu sau biyu, sau biyu ana kiransa. Sai dangin uba, sai dangin uwa, sai matan zumunta da ankonsu, sai wata gwaggo daga Ilorin da ta ce ta ƙifta ido, a sake. Tsohon aiki ya dawo masa jiki: ke matsa nan, kai ɗaga haɓa, na baya ku hau benci.

Tara saura ya samu ya zame bayan gida, wajen tankin ruwa. Tun kafin ya buɗe ya ji motsi a cikin robar.

Malam-buɗe-littafin ya riga ya fito. Martins ya sani sarai cewa sabon fitowa sai ya rataya ƙasa fiffike ya miƙe kafin ya bushe, ya sha gaya wa Jemimah haka. A cikin robar babu wurin rataya. Fiffiken sun bushe a cukurkuɗe, kamar takardar da aka dunƙule. Ya hau ɗan yatsansa da ƙafafu masu ƙarfi, ya tsaya.

Ayodele ya biyo shi da farantin shinkafa. Ya duba yatsan, ya duba fuskar abokinsa.

"Wannan ne kwalbar?"

"Shi ne."

"Kai Martins. Da ka faɗa mini, ai da na sa fasto ya jira."

"Da ka yi mini dariya."

"Da na yi. Amma da na kawo kwalbar." Ya ajiye farantin a kan tanki. "Ba ya gyaruwa?"

"Ba agogo ba ne, Ayo."

A tafin hannu ya kawo shi gida, ɗaya hannun yana kare shi daga iskar taga. Jemimah ta duba. Ta dama sukari da ruwa a murfin kwalba. Ya sa tsinken tsintsiya ya warware masa dogon bakin nan da ke naɗe, ya sha. Da rana ya ɗora shi a reshen lemo don ya ji ɗumi.

Ashe mace ce. Kashegari wani namiji ya zo daga lambun maƙwabta ya same ta a inda take. Bayan kwana biyu ta fara bin ganye da ƙafa tana ajiye ƙwai, ba ruwanta da iyaka, har can cikin rassan Jemimah. Tara ya ƙirga da gilashin ƙara girma. Ta yi kwana shida ta mutu.

Biyar suka kai ƙwanso a tsakiyar watan sha ɗaya. Kwana goma sha ɗaya suka wuce, ashirin suka wuce, ba wanda ya yi duhu. Ya taɓa ɗaya, ya ɗan murɗa gindi, da ransa. Ya taɓa ganin haka a shekararsa ta biyu: na ƙarshen shekara wani lokaci sukan zauna shiru sai sun ji ruwan fari. Wata biyar ke nan, ko shida.

Bai jira ba. Ya jera tsinkayen biyar a jikin katako a baranda, kowanne da sarari a ƙarƙashinsa. Ya kafa ƙafar kyamara, ya leƙa da idon dama, ya saita har sai da ya ga zaren da ya ɗaure kowane ƙwanso. Ya liƙe zoben saitin da salatif. Ya zagaye inda ƙafafun uku suka taka siminti da jan fenti. Ya sa Jemimah ta leƙa.

"Me kika gani?"

"Busassun ganye biyar."

"Zaren fa?"

"Ina ganinsa."

"To. In lokaci ya yi, ke za ki ce mini ya fara. Ni zan danna."

"In ina wanka fa?"

"Sai ki fito."

Ta yi tsaki, ta ɗauki tsintsiya. Tun daga ranar, in tana share baranda, sai ta kewaye jan fentin.