Fasa-ƙwaurin Hotuna

A Illela kowa layin waya biyu gare shi. Na Nijeriya sai ya ga dama yake kamawa, na Nijar kuwa ko a ƙuryar ɗaki kake yana nan daram, don Konni ta Nijar ga ta nan a hancinmu. Ban taɓa jin an kira wannan laifi ba sai da na shiga jami'a.

A shekarar ƙarshe ina rubutun kammala digiri a kan aikin dukawan da: gafaka, kube, jakunkunan fata. Tsofaffin kayan duk suna gidajen tarihin Turai. Ɗakin karatun jami'armu yana da izinin shiga wani rumbun hotuna na intanet. Ɗalibi ya sa lambarsa da kalmar sirri, sai ya ga gafaka har zaren ɗinkinta. In babu hotunan nan malamina ba zai sa hannu ba, in bai sa ba kuwa sai baɗi.

Ana gab da miƙa aiki Inna ta kwanta ciwo, na dawo gida jinya. Ina gefen gadonta na kunna layin Nijar a wayata kamar kullum, na haɗa da kwamfuta, na shiga. Gafaka biyu na gani. Ina buɗe ta uku shafin ya yi fari, aka ce an rufe lambata.

Da Inna ta samu sauƙi na koma makaranta, na nufi ofishin ma'aikacin da ke kula da rumbun. Ɗalibai cike da ɗakin, har da 'yan ajinmu. Na russuna na gaishe shi, ya tare ni da tambaya.

"An shiga da lambarki daga wata ƙasa. Wa kika sayar wa?"

"Wallahi Malam ni ce. Ina ɗakin mahaifiyata. Layin Nijar shi ka kamawa garinmu."

"Wane gari?"

"Illela."

Ya jingina da kujera, ya dubi ɗaliban kamar mai gayyatar su cin abinci.

"Ashe! Shinkafa da fetur ba su ishe ku ba, yanzu har hotuna kuke tsallakawa da su?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na ce, "Malam, mi na yi?" Ya maƙale murya ya kwaikwaye ni, "Mi? Mi?" aka sake fashewa. Na tsane shi a lokacin, kuma har yau ban daina ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ya yarda da ni. Da bakinsa ya ce ya san gaskiya nake faɗi, amma sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa sai sabon zango. Ya ja kunnen 'yan ajinmu cewa duk wanda ya ara mini lambarsa tasa ma ta tafi. Babu wanda ya ara. Ina fita ya ce, "Ki gwada Konni, ko su ba ki digirin."

Kayan kakanninmu sun ƙetare teku ba wanda ya tambaye su izini. Ni da ban ko tashi daga bakin gadon uwata ba, ni ce 'yar fasa-ƙwauri, kuma sunan ya bi ni har ɗakin kwana.

Ranar yaye 'yan ajinmu na je, don ban iya zama ba. Suka jibga mini jakunkunansu, suka jera cikin rigunan digiri, wata ta ce, "'Yar fasa-ƙwauri, ai ke ce gwanar hotuna, ɗauke mu mana."

Na ɗaga wayar, ita dai wannan wayar, na ce su yi murmushi.