Kawu Kuang Ya Ajiye Igiya

Kafin motar da ke tafiya a kan waya ta kwaso baƙin farko zuwa saman Dutsen Huangshan, Kawu Kuang Fulai ya riga ya karya kumallo, ya cika kwalbar shayinsa, ya bi igiyarsa da yatsa yana neman inda ta lashe. Sai ya ɗaura ta a ƙugu, abokin aikinsa Tan ya riƙe ɗaya bakin, shi kuma ya tsallake shingen ƙarfe ya sauka ramin da ko leƙa shi ka yi sai jiri ya ɗebe ka. Me ya kai shi? Gorar ruwa, leda, kofin taliya da baƙi suka yar. Shekara ashirin da bakwai yana wannan aiki, sai Juma'ar da ta wuce ya ajiye.

Ni Miao, 'yar rakiyar baƙi ce, mai ɗaga tuta a gaban ayari, kuma bakina ya gaji. Mutum ya taso tun daga Shanghai ko Chengdu, ya hau dutse yana haki don ya ga gajimare shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ce "kai, duniya da kyau!", sannan ya wurga ledarsa cikin kyan. Kwandon shara kuwa taku biyar ne daga inda yake tsaye.

Wata rana wani mai baƙin tabarau a ayarina ya ga Kawu ya hauro da buhu. Sai ya cilla gorarsa ƙasa da gangan, ya saita wayarsa don ɗaukar hoto.

"Sake sauka mana, tsoho, ɗazu ban ɗauka ba."

Ji na yi kamar in kwaɗa masa sandar tutar. Kawu ya sake ɗaura igiyarsa. Ya sauka, ya ɗauko, ya hauro bayan minti arba'in, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Yallaɓai, ruwanka ya faɗi. Da saura a ciki, shanye."

A gaban mutum talatin ya shanye, kunnuwansa jajur.

Daga baya na tare shi. "Haba Kawu, ko zagi ɗaya?"

"Ke yarinya, numfashin da zan hau dutse da shi zan ɓata a kan wannan?"

Shi ma fa haushi yake ba ni. Bara wata tsohuwa ta zo daga Lanzhou da hoton marigayi mijinta. Shekara arba'in suna cewa za su zo tare, bai samu ba. Ta ɗaga hoton don shi ma ya ga gajimaren, iska ta fizge shi, ya je ya maƙale a reshen wata bishiya can ƙasa a jikin dutse. Ranar an hana sauka saboda iska. Tan ya ce a'a, na ce a'a. Kawu ya dubi tsohuwar, ta durƙushe ta riƙe shinge ko kuka ta kasa, sai ya ce, "Tan, riƙe." Iska ta maka shi da dutse, haƙarƙari biyu suka karye. Haka ya hauro, hoton na cikin rigarsa. Matarsa, Inna Shulan, ta yi sati ba ta yi masa magana ba, kuma ina bayanta. Tsohuwar ta aiko masa da jan ƙyallen godiya mai rubutun zinariya. Da na je gidan Kawu, da shi na tarar an rufe talabijin saboda ƙura.

Kawu, kai ne gizo-gizon Huangshan. Kai ne wanda ba ya cikin hoton kowa, alhali saboda kai hoton kowa ya yi kyau. Mu masu rakiya mun haddace sunan kowace bishiya da kowane tsauni muna rattaba wa baƙi, amma ban taɓa jin ɗayanmu ya ambaci naka ba, har da ni. Na ji kunyar wannan. Mun gode, mai taurin kai. Je ka huta, ka bar Inna ta samu kwanciyar rai.

Ku kuma masu zuwa kallo, ban ce ku ɗaura igiya ba, wannan ya fi ƙarfinku. Aljihu dai kowa yana da shi. Wanda ya karɓi igiyar Kawu sunansa Pei, matarsa na da cikin wata bakwai. Kafin ka saki gorar nan daga hannunka, ka sani shi ne zai bi ta.