Inda Muryar Inna Take Sauka

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu na Ƙofar Kware ya san abin da wannan yake nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In na durƙusa gaishe ta, "lahiya" ɗaya nake samu, ita ma tabarma take faɗa wa. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uba, can kusa da Hubbare, kuma a can na girma. In tana son a ba ni tuwo sai ta ce wa ƙannena, "Ku miƙa ma wancan." Wancan ɗin nan ni ne, har yau da furfura ta fara leƙowa a gemuna. Na san ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka aka tarar. Amma wallahi wani lokaci abin yana ci mini rai.

Shekarar da nake ba da labari, maƙoƙon da ta daɗe da shi a wuya ya girma har ya fara danne mata numfashi. Likita ya ce sai tiyata, kuma bai ɓoye mana ba, ya ce mai yiwuwa murya ba za ta dawo ba. Inna kuwa murya ce jarinta. A cikin gida take sayar da atamfa, kuma in tana ciniki da mata har maƙwabta sun san farashi. Ita ce ta san tarihin gidanmu, da tafiye-tafiyen marigayi mahaifinmu wajen sayen shanu, da waƙoƙin daka na uwarta.

Auta, ƙanwarmu ta ƙarshe, malamar makaranta ce mai 'ya'yanta, amma bakinta bai girma ba. Ta same ni a shagona na Sabon Gari, inda nake gyaran kwamfuta ina kuma rubuta wa 'yan kasuwa ƙananan manhajoji.

"Yaya, kai da kake ta fama da injina, mi amfaninka in ba ka ɗaukar muna muryar Inna ba kahin a shiga da ita?"

Na ce ai wannan ƙaramin abu ne. Da na san abin da ke gaba da ban cika baki ba.

Na kai kwamfuta da makirufo ɗakin Inna da hantsi, na kashe fanka saboda ƙugi, na nuna wa Auta inda za ta danna. Sannan na fita zaure, don muddin ina ɗakin Inna ba za ta buɗe baki ba. Suka daɗe. Ina jiyo dariyarta tana tsallako katanga, ina ta jin daɗi ni kaɗai.

Da na koma shago na sa iyafis a kunne don in saurara, sai murna ta koma ciki. Duk inda Inna ta yi dariya ko ta ɗaga murya, sautin ya fashe kamar tsohuwar lasifikar masallaci. Wannan da sauƙi. Abin da ya fi shi ne, tana cikin magana sai ta ɓace ɗif, shiru ƙwal, ko kukan akuya babu, can sai ta dawo a tsakiyar wani labarin. Manhajar da na yi ɗaukar da ita tana da wani sashe mai share hayaniya, duk sautin da bai kai wani ƙarfi ba sai ta ɗauke shi ƙazanta ta zubar. Na kira Auta na sa mata, na ce nan me ya faru, ko Inna fita ta yi?

Ta saurara, ta cire iyafis, ta dube ni.

"Babu inda ta tahi. Nan maganarka take yi."

Ashe duk sa'ad da labari ya biyo ta kaina, sai Inna ta sunkuyar da kai, murya ta sauka can ƙasan maƙoshi. Shi ne injin nan marar tarbiyya ya ɗauka hayaniya ce. Na ce to me ta ce? Auta ta ce rabi ma ba ta ji ba, kuma rabin da ta ji ba za ta faɗa ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na tuna mata ni na goya ta. Ta ce, "Yaya, ko ka kwana kana hwaɗa, wagga magana ba ta bakina ba ce. Ka gyara abinka, ni zan sa ta sake." Ranar tiyata kuwa saura 'yan kwanaki.

To ga matsalar. In na ƙara wa makirufo ƙarfi don ya kamo maganar ƙasa, dariyarta za ta fasa komai, kuma sautin da ya fashe ba ya ɗinkuwa. In na rage, maganar da nake nema ta nutse. Gaba kura baya sayaki. Sai na ce bari in rubuta 'yar manhaja da za ta riƙa murɗa ƙarfin da kanta ana cikin ɗauka. Na rubuta, na gwada da muryata, ina ihu ina raɗa a shago har mai shayin gefe ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Abin ya fito wani iri. Da na yi shiru sai ƙarfin ya yi tsalle ya jawo janaretan maƙwabci da duk wani babur ɗin kabu-kabu da ke wucewa, da na yi magana sai ya faɗi tim. An gudu ba a tsira ba.

Dole na ajiye girman kai na je wani dandali na intanet inda masu rubuta manhaja ke taimakon juna. Na liƙa abin da na rubuta, na yi bayani da Turancina. Na farko da ya amsa ya ce in gaya wa mai maganar ta riƙa magana da ƙarfi ɗaya. Na biyu ya ce in zauna kusa da ita in riƙa yi mata alama da hannu. Kai jama'a! Ni zan zauna gaban Inna ina yi mata alama? Raina ya ɓaci, na rubuta amsa mai zafi, na goge. Daga baya na ga ba laifinsu ba ne, ina za su sani? Sai na rubuta gaskiya kawai. Na ce uwata ce, al'adarmu ta hana ta magana a gabana, abin da take faɗa ƙasa-ƙasa a kaina ne, kuma ba a da tabbacin za ta sake magana bayan aiki.

Wata mata ce ta amsa, ban san ƙasarta ba, ban san fuskarta ba. Ba ta yi mini tambayar al'ada ko ɗaya ba. Ta bi layukan da na rubuta ta nuna mini inda na yi gaggawa. Ta ce in sauti ya yi ƙarfi a rage nan take, amma in ya sauka a ɗan jira tukuna, sannan a ƙara a hankali, kuma a sa iyakar da ba za a wuce ba. Ta ce in kashe sashen share hayaniyar nan gaba ɗaya, gara a ji akuya da a rasa uwa. Sannan ta ce in ajiye kwafi biyu lokaci guda, ɗaya da manhajata, ɗaya yadda sautin ya shigo, ko da wani abu ya lalace. Muka yi ta kai da komo har abin ya zauna. Har yau in na tuna ta sai in yi mata fatan alheri.

Auta ta cika alkawari. Ta ce wa Inna injin Yaya ya yi shirme, sai an sake. Ina zaure na ji Inna tana cewa, "Dama mi wancan ya iya?" Suka kwashe da dariya. Wannan karon ƙaramin makirufo na ba Auta ta maƙala mata a bakin mayafi.

Da la'asar na rufe ƙofar shago na saurara. Dariyar ta fito lafiya lau. Ta yi labarin shanun da suka ɓalle wa Baba a bakin gulbi, ta yi waƙar daka har da tafi. Sai Auta ta ce, "Inna, to haihuwarki ta farko hwa?" Aka yi shiru. Na ji tattabaru, na ji wani yana jan ruwa, sai sautin ya fara tasowa a hankali, ga numfashinta mai nauyi, ga muryar.

Ta ce ranar da aka zo ɗaukata, ba ta fito ba, don kada a ce ba ta da kunya. Ta ce zanen da take goya ni da shi ta ƙi wankewa har warin ya bar shi da kansa. Ta ce duk Jumma'a sai ta ƙirƙiri ziyarar Hubbare don hanya ta biyo da ita ta ƙofar gidan kakata, ba ta shiga, rage tafiya kawai take yi ko za ta ji kukana. Da na yi ƙyanda, ita ce ta kwana uku ba ta ci ba, tana ce wa mutane ciwon ciki take yi. "Duk cikinku," in ji ta, "babu wanda na so in rungume irinai, kuma shi kaɗai ne ban runguma ba."

Na kifa kai a kan tebur na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar Baba.

An yi tiyata, an fito da ita da rai, alhamdulillahi. Muryar dai ba ta dawo ba, sai raɗa da ƙyar. Na taso zan shiga ɗakin da aka kwantar da ita, Auta ta tare ni a baranda. Ta ce kafin a shiga da ita ɗakin tiyata, Inna ta riƙo hannunta ta tambaya ko injin ya kama. Auta ta ce mata ya kama.

"Har da na ƙarshen?"

"Har da shi, Inna."

Sai Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Madalla. To ki ce mashi kada ya shigo duba ni sai an sallame ni. Ba ni iya haɗa ido da shi."

Na ce wa Auta dama can yaushe muka taɓa haɗa ido? Ta yi dariya tana share hawaye. Ban shiga ba. Kullum da safe nakan kawo kunu a fulas in miƙa wa Auta, in zauna a bencin baranda har ta fito mini da shi. Ba ta taɓa dawo da shi da saura ba.