Zagin da 'Yardada Ta Yi Mini a Zaure

Duk wanda zai faɗi aibin Hajiya 'Yardada ya bari sai ba na wurin, don wallahi ba za mu kwashe lafiya ba. Ni kaɗai nake da izinin zaginta a garin Kano, kuma ita ta ba ni da bakinta.

Sunana Grema, Babarbare ne ni, sana'ata wankin hula. A shekarar 2014 na baro Maiduguri da matata Yakura, muka kama ɗaki a gidan wani Alhaji Isyaku, cikin wani lungu a gindin Dala. Wanda bai ga lokacin ba, ba zai gane ba. Yau bom, gobe harbi, ko'ina shingen bincike. Da ka buɗe baki aka ji harshen Barno sai ka ga fuska ta canja. Ba wanda ya zage ni fa. Gaisuwa ce dai ta gajarce, a ce maka "lafiya lau" a ƙara sauri.

Inda nake shan iska shi ne wani zaure na Fesbuk, Zauren 'Yan Cikin Ganuwa. Yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Duk Juma'a mai kula da zauren, wani ma'aikacin ofis mai suna Musbahu, zai ɗora mutum ɗaya a kan abin da muke kira kujera, kowa ya faɗi yadda yake hango shi, a yi masa kirari, a zolaye shi. Ranar Hambali aka ce daga rubutunsa ma an san yana da tumbi, ya ci na gida ya leƙa na maƙwabta. Ranar Habiba aka ce doguwa ce, mai kyan hali, amma miyarta ba gishiri. Ƙa'idar a fili take, gwargwadon yadda ake son ka, gwargwadon yadda za a yi maka tsiya.

A nan na haɗu da 'Yardada. Ba ta sa hotonta ba, hoton ƙwarya ta sa. Saboda saurin hannunta da kaifin bakinta duk mun yanke cewa 'yar jami'a ce. Ranar da na shiga, tana ganin sunana ta rubuta, "Kai jama'a, wa ya bar ƙofa a buɗe bawana ya shigo?" Nan take na san Bafulatana ce. Tsakaninmu da Fulani wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, kuma ba a fushi. Na mayar mata, "Yarinya, koma ki tatsi saniya, manya na magana." Haka muka yi wata bakwai, ta sara na rama.

Wata Laraba Alhaji Isyaku ya same ni ina shanya huluna. Ya daɗe yana kame-kame kafin ya faɗa. Mai unguwa ya ce duk baƙo ya kawo ɗan gari da zai tsaya masa, ya sa hannu a takarda. In babu, ranar Litinin in ba Alhaji ɗakinsa. Yakura kuwa cikinta wata takwas. Na bi mutum uku da nake yi wa wanki, kowa ya ba ni haƙuri. Ban ga laifinsu ba, don magana ta zaga gari cewa in abu ya faru, wanda ya sa hannu za a fara ɗauka.

Kamar da gangan, Juma'ar nan sai Musbahu ya ɗora ni a kujera. Na zauna a bakin ƙofa ina karantawa. "Mutumin kirki ne." "Ba shi da hayaniya." "Allah ya kare shi." Haba jama'a! Mutum ashirin da wani abu, ba wanda ya taɓa hancina ko tumbina. Ina raye ana yi mini ta'aziyya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Can sai ga 'Yardada. "Ku matsa, mai kaya ta zo. Grema na Yakura, gwanin wanke hular wasu, tasa ta fi ta kowa dauɗa! Na rantse gajere ne, kansa kamar tulu, in ya yi Hausa kaji ma watsewa suke. Amma duk zauren nan ba wanda ya kai shi iya mayar da magana. Bawan Fulani har abada, ba na sayarwa ba ne!" Na yi dariya har Yakura ta leƙo ta ga ko lafiya. Kwana uku rabona da dariya.

Ban gama rubuta amsa ba sai maganarta ta ɓace. Musbahu ya goge, ya kuma cire ta daga zauren. Ya ce ya san wasa ne, amma wannan lokaci ba na wasan ƙabila ba ne, kada a sosa wa baƙo rai. Da kyakkyawar niyya ya yi, na sani. Amma ni ranar idona ya rufe. Na rubuta masa cewa duk cikinsu ita kaɗai ce ba ta ji tsorona ba, ita ce kuma suka kora. Na ce su dawo da ita, ni ne ma zan ba su wuri, don Litinin ba ni da ɗaki a Kano. Na zayyane komai, abin da ban yi niyyar faɗa wa kowa ba.

Musbahu ya ba da haƙuri ya dawo da ita. Ba a jima ba saƙonta ya shigo mini ni kaɗai. "Wace unguwa? Bawa ba ya ƙaura sai da izini. Ka jira ni a ƙofar mai unguwa gobe bayan la'asar."

Na je ne kawai don kada in yi mata rashin kunya. Me 'yar makaranta za ta iya a gaban dattawa? Ina tsaye sai Adaidaita ta tsaya, wata tsohuwa ta sauko da ƙyar, tana dogara sanda, da tabarau a fuska. Mazan da ke zaune a dakali suka mimmiƙe suna "Sannu da zuwa, Gwaggo." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ban faɗa ba? Gajere!"

Ashe wadda na yi wata bakwai ina ce wa yarinya ta isa ta haife ni. Mahaifinta makiyayi ne, yana kiwo a bayan Ƙofar Kabuga tun kafin gidaje su cinye wurin. Ita kaɗai aka sa a boko cikin 'ya'yansa, ta yi shekara talatin da uku tana aikin ungozoma a cikin birni. Mijinta ya rasu, ciwon gwiwa ya zaunar da ita, shi ne 'yarta ta saya mata waya don ta rage kewa. Na durƙusa zan gaishe ta, ta ce in tashi kada in ɓata mata wasa.

Mai unguwa ya karɓe ta da girmamawa, amma bai yi sassauci ba. Ya ce, "Gwaggo, kin san mutumin nan?"

"Ban taɓa ganinsa ba sai yau."

Mai unguwa ya ajiye biro ya ce, "To kin san abin da sa hannun nan ke nufi? In wani abu ya taso, ƙofarki za a fara bugawa."

Ta ce, "Na sani. Wata bakwai ina zagin yaron nan a gaban jama'a yana ramawa. Ko sau ɗaya bai wuce gona da iri ba, bai taɓa iyayena ba, bai yi fushi ba, alhali yana zaton sa'ar ƙanwarsa ce ni. Ni haka nake auna mutum. Kawo takardar."

Ya ɗauki biro ya fara cike takardar. Da ya zo wurin da ake rubuta dangantaka sai ya tambaye ta me zai sa. Na sunkuyar da kai ina jiran tsiya. Ta ce, "Rubuta ɗana." Ta sa hannu a hankali, da cikakken sunanta da lambar gidanta. Na buɗe baki zan yi godiya. Ta ɗaga mini sanda ta ce in na yi mata kuka a nan za ta faɗa wa zaure.

Na raka ta ta hau Adaidaita, na taho gida kusan da gudu. Na tarar Yakura ta ƙulle tukwane da tufafinmu cikin zannuwa, tana zaune a kan ƙulli ɗaya ta tallafe ciki da hannu. Ta ɗago ta dube ni.

Na ce, "Kwance kayan nan, ki ɗora mana tuwo. A ɗakin nan za ki haihu."