Mai Jan Kallabi Ba Ta Iso Gida Ba

Akwai mutanen da in na tuna su sai in ji bakina ya yi ɗaci, kuma yayan matar ƙanena ne kan gaba a cikinsu. A Gummi yake zaune, can ake ce masa Darakta. Shi ya raɗa wa kansa sunan, bayan da wasu 'yan fim suka je ɗaukar wani abu a bakin gulbi suka ba shi lema ya riƙe wa mai kyamara. Wuni guda ya yi yana riƙon lemar nan. Tun daga ranar, ko bidiyon suna aka nuna masa a waya sai ya karkace hula ya ce hasken bai yi ba.

Ƙanena kuwa facin taya yake yi a bakin tasha a Anka. Kafin nan a Dareta yake, yana daka dutsen zinariya a tsakar gidansa kamar yadda kowa ke yi a lokacin, har shekarar da gubar dalma da ke cikin dutsen ta bi gida gida tana ɗauke yara. Ɗiyarsa ta fari tana rarrafe a cikin ƙurar nan. Ta rayu, amma ba ta dawo yadda take ba. Ta girma ta zama budurwa, kyakkyawa da ita, sai dai magana sai ta ga dama, kuma ba ta cika ganin damar ba. Takan wuni zaune a gindin bango tana murza bakin zanenta.

A gidanmu ba a nuna wa ɗan fari so. Haka Inna ta tashe mu, haka ita ma aka tashe ta. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in an yabe shi ma sai ya kawar da kai kamar bai ji ba. Ƙanena ya riƙe wannan alkunya fiye da kowa. Ban taɓa jin sunan yarinyar a bakinsa ba, kullum sai dai “wagga yarinya”. Ni da nake gwaggonta, kuma nake zaune da su tun bayan rasuwar mijina, ni ke kiran sunanta in tsefe mata kai in yi mata waƙa.

Wata rana ya dawo daga kasuwa da wata leda da ya tsinta a wurin masu gwanjo. 'Yan bulon roba ne na wasan yara, masu ƙurajen nan a sama da ake danna ɗaya a kan ɗaya su kama, da wasu 'yan mutane masu rawayan kai, tsawon ɗan yatsa. Ya ce wai ƙananan yaran gida ya kawo wa. Ƙarya yake yi, na sani, don ƙananan ko taɓa ledar bai bari sun yi ba. Wani abokin aikinsa ne ya nuna masa yadda ake sa irin waɗannan abubuwa su yi tafiya a waya: ka ɗauki hoto, ka gusa ƙafar ɗan mutumin kaɗan, ka ɗauki wani, ka sake gusawa, har hotuna su taru, sai manhaja ta jera su a guje.

Fim ɗin farko da ya yi abin dariya ne. Hoton na rawa kamar mai jin sanyi, mutanen suna tsalle daga nan zuwa can, wani lokaci babban yatsansa baƙi ƙirin da man inji ya bayyana a tsakiya ya ɓace. Na yi masa dariya son raina. Amma da ya ajiye wayar a kan tabarma kusa da yarinyar, ya yi kamar mantuwa ya yi, sai ta daina murza zane. A cikin 'yan mutanen akwai wata mai jan abu a ka kamar kallabi, idonta ɗaya ya goge saura rabi. Ita yarinyar ta bi da ido har fim ɗin ya ƙare. Sannan ta ɗago ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, “Ta iso?”

Rabon da mu ji ta yi tambaya har mun manta. Uwarta ta shige ɗaki tana kuka. Shi kuwa gogan naka sai ya sunkuya yana gyaran takalminsa da babu abin da ya same shi.

Daga nan labarin ya samu. Mai jan kallabi ta taso daga kasuwa za ta gida, kuma a ƙofar gida akwai wata 'yar ƙarama tana jiranta. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci, ƙanena zai shiga ɗakin ajiyar hatsi ya ƙara mata 'yar tafiya. Duk lokacin da aka nuna wa yarinyar sai ta ce, “Ta iso?” Ni ce mai amsawa, in ce ta kusa. Abin da ƙanena yake so a duniya bai wuce ranar da za a ce mata e ba.

Kuma aikin ya riƙa gyaruwa, wannan ba zan hana shi ba. Ya gane rawar hoton daga hannunsa take, sai ya kife tsohon turmin Inna ya ɗaure wayar a jikinsa da robar tayar babur. Ya gane hasken na canzawa ne saboda rana na tafiya yana aiki, sai ya toshe taga da bargo ya kunna fitila mai caji. Mutanen suna faɗuwa in ya taɓa su, sai ya riƙa liƙe ƙafafunsu da ƙaro. Ya rage girman gusawar da yake yi, tafiyar ta zama sumul, har kana iya ganin mai jan kallabi ta ɗan tsaya ta waiga. Ya gina gada da bulon shuɗi, ya yi ruwa da ledar burodi. Kafin damina ta kama, matar ta kai tsakiyar gada, saura ta sauka ta bi layi ta shiga gida.

Ana nan sai ga Darakta. Ya zo gaisuwar wata rasuwa a Anka, ya biyo ta gidan ƙanwarsa cin tuwo. Ita ce, da sakarcin 'yan'uwantaka, ta gaya masa mijinta ma yana taɓa harkar fim. Ai kuwa ko hannu bai gama wankewa ba ya miƙe, babbar riga na jan ƙasa, ya ce a kai shi ya gani.

Na bi su da kwanon ruwa a hannu, don na san ba alheri zai fito ba. Abu na farko da ya yi shi ne ya fizge bargon taga.

“Wa ka yin fim cikin duhu?” in ji shi. “Haske shi na fim. Ka tambaye ni, ni na san wagga harka.”

Ya jingina da turmin, wayar ta karkace. Ya ce labarin ba shi da gishiri, a sa faɗa, a sa mota ta kaɗe wani, a sa waƙa. Ya ce wa zai zauna kallon mace tana tafiya kawai? Ƙanena yana tsugune yana ta “haka ne, Yaya, gaskiya ne, Yaya”, alhali ina ganin jijiyar wuyansa tana harbawa. Sai mutumin nan ya miƙa hannu, da maiƙon miya a yatsunsa, ya ɓamɓaro mai jan kallabi daga kan gada, har da ƙaron da ke ƙafarta.

“Kai, wagga ta yi kyau,” ya ce yana jujjuya ta. “Autana da ya gan ta da ba a kwana lahiya ba.”

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ke biyo baya. In baƙo ya yaba abinka, sai ka yi masa tayi. Shi kuma in ɗan mutunci ne sai ya ce a'a, Allah ya bar maka, ya ajiye. Tayin ba bayarwa ba ne, kowa ya sani, har yaran da ba su yi wayo ba. Ƙanena ya ce, murya ƙasa ƙasa, “A'a, ɗauka mana, Yaya.”

Ya ɗauka. Ya ɗaga riga ya jefa ta aljihu, inda yake zuba goro da makullin mota.

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce, “Ai ta ɗiyarku ta. Ita ɗai take kallo.”

Nan ne wurin da ƙanena zai buɗe baki ya ce e, ta ɗiyata ce, don ita nake yin duk wannan. Amma yaya za a yi ya faɗi haka a gaban surukinsa, kawun yarinyar? Ya amsa cewa shi, magidanci, yana shiga ɗaki duk Juma'a yana wasa da roba saboda son ɗiyar fari? Sai ya harare ni, ya juya ga Darakta ya ce, “Ba komi, Yaya. Abin wasa na.” Na raina Darakta tun da daɗewa, wannan ba sabon abu ba ne. Amma a ranar na raina ƙanena ma, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Juma'a ta zo ta wuce, ba a shiga ɗakin hatsi ba. Yarinyar ta zo ta tsaya a ƙofarsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Uwarta ta ce ba za ta iya tunkarar yayanta da maganar 'yar tsana ba. Ƙanena kuma ya ce kyauta ta riga ta fita. Sai na yafa mayafina na shiga motar Gummi, a lokacin da kowa ke addu'a kafin ya bi hanyar nan, musamman daga mararrabar Bukkuyum zuwa gaba. Tsohuwa da ni, na sa raina a hanya saboda abin da bai kai ɗan yatsa ba.

Na iske Darakta a zaure da abokan hirarsa, yana ba su labarin yadda ya je Anka ya gyara wa wani yaro fim. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi dariya har da buga cinya. Ya aika aka kira autan. Yaron ya zo da ƙafafu da gangar jiki a hannu. Kan, da jan kallabin, ya cire tun ranar farko, wai ya faɗa kwata.

“To mi na na damuwa?” in ji Darakta. Ya shiga gida ya fito da wani kwali sabo fil, cike da irin 'yan mutanen nan masu ƙyalli. “Ga su nan, sun hi waccan tsohuwar mai ido guda. Ki kai mashi. Yarinyar da ba ta san damanta da hagunta ba, ina za ta gane wata roba da wata?”

“Ɗiyar ƙanwarka ta hwa,” na ce.

“Shi na nac ce a kai mata sabbi.” Har na juya ya ƙara da cewa, “Ki ce mashi in an gama a sa sunana, tunda ni nab ba da shawara.”

Na so in watsa masa kwalin a fuska. Abin da ya hana ni, na tuna ba ni da wani abin da zan koma da shi gida.

Ƙanena ya karɓi kwalin. Ya zazzage shi a kan tabarma ya zaɓi wadda ta fi kama. Ya ari jan farcen matarsa ya shafe mata kai. Ya ɗauki allura ya kankare rabin idonta ɗaya, yana yi yana duba tsofaffin hotuna. Ni kaina da ya ajiye ta a tafin hannuna na ce ita ce. Ya mayar da bargo, ya daidaita turmi, ya ci gaba daga tsakiyar gada inda aka tsaya. Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Matar ta sauko daga gada, ta bi layi, ta tsaya ta gyara kayanta, 'yar ƙaramar da ke ƙofa ta ɗaga hannuwa biyu.

Bayan la'asar muka nuna wa yarinyar, a gindin bangon da ta saba zama. Wannan karon bai ajiye wayar ya gudu ba, ya tsuguna nesa kaɗan yana yi kamar yana duba wata taya. Ni kuwa na shirya amsata a baki, e ɗin da muka daɗe muna jira.

Ta kalli kasuwa, ta kalli hanya, ta kalli matar ta hau gada. Daidai tsakiyar gadar sai ta sa ɗan yatsa a kan gilashin wayar.

“Wagga ba ita ba ta,” ta ce.

Fim ɗin ya ci gaba a ƙarƙashin yatsanta, baƙuwar ta isa ƙofa, aka rungume ta. Yarinyar ba ta ko duba ba. Ta ɗago kai ta nemi ubanta da ido, ta same shi, ta yi masa magana kai tsaye, abin da tun tana ƙarama ban gani ba.

“Baba, ina ka kai ta?”

Tayar ta suɓuce daga hannunsa. Ita kuma sai ta ture wayar, ta juya ta fuskanci bango, ta kama bakin zanenta.

Sai na ji ya kira sunanta. Sunanta na yanka, da ƙarfi, a gabana da gaban uwarta da ƙannenta, alkunyar da ya yi shekara da shekaru yana tattali ya zubar da ita a tsakar gida. Ya sake kira. Ba ta waiwayo ba. Ba ta taɓa jin sunan nan a muryarsa ba, don haka ba ta san da ita yake ba.