Jirgi Mai Fiffike Uku

Ruwan shayi bai kai ga tafasa ba saƙon Yaya ya shigo wayar Auta. Hoto ne, a ƙasansa ya rubuta: “Ke da kike cewa jita-jita ce, to ga shi. Kashi na biyu na wasan yana nan tafe!” Ta buɗe da yatsa ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kofi. Ta ga teku, ta ga ƙaramin kwalekwale, ta ga tsibirin nan mai hasumiya da ta shafe mako uku tana kewayawa. Can ƙasa ta dama kuma wani abu ruwan toka ya rufe kusurwar hoton. Ta ƙara girmansa. Kafaɗarta ce. Mayafinta ne, shi ne ma a jikinta a lokacin.

Ta ajiye kofin, ta ɗauka, ta sake ajiyewa. Mama ta leƙo kicin ta ce, “Ke lafiya? Ruwa na ta zuba kina kallonsa.”

Auta ita ce ta biyar a gidansu, kuma tun tana ƙarama ba ta yarda da abu sai ta taɓa. In ta kulle ƙofa sai ta dawo ta murɗa sau uku. Yaya, babban wansu, shi ya koya mata wasan bidiyo. Shi burinsa ya cinye, ita kuwa sai ta kai ɗan wasan jikin bango ta yi ta tura shi, wai ta ga ko bangon zai huje. Wata rana kuwa ya huje, ɗan wasan ya faɗa cikin duhu, injin ya tsaya cak. Yaya ya yi kwana biyu ba ya yi mata magana.

Ta karanta kimiyyar kwamfuta, ta gama, ta zauna shekara biyu tana aika takardun neman aiki. Don kada zaman ya haukata ta, ta buɗe ɗan shafi tana rubuta dabarun wasa: inda ake ɓoye makullai, yadda ake wuce dodon mataki na shida ba tare da an yi faɗa da shi ba, wuraren da wasa ke lalacewa. Wannan na ƙarshen ne ya ja hankalin wani ƙaramin kamfani, masu wasan nan na matar da ke raba wasiƙu a tsibirai da kwalekwale. Suka ɗauke ta gwajin wata uku a sashen masu neman kurakurai. Aikinta ta tura kwalekwale jikin dutse sau ɗari, ta rubuta sau nawa ya maƙale. Kwana biyu a ofis, kwana uku a gida. Ranar farko aka ba ta takarda ta sa hannu: ba za ta faɗa wa kowa abin da suke yi ba, ko uwar da ta haife ta. Kowane mai gwaji kuma kwafin wasan da aka ba shi na da lamba a kusurwar allo, dishi-dishi, don in hoto ya fita a san daga inda ya fito. Su tara ne, daga sha ɗaya zuwa sha tara. Tata sha bakwai.

A hoton nan, mayafin ya rufe bakwai ɗin. Ɗaya kawai ake gani.

Saura kwana goma gwajinta ya cika.

Da azahar Yaya ya biyo ta gida daga kantin maganinsa, ko zama bai yi ba ya zaro waya. Shi dai ya san tana aiki a wani kamfanin kwamfuta, bai san wanne ba.

“Autar Mama, zo ki ga abin da duniya take ciki. Mutum dubu arba'in sun gani. Duba sama, saman hasumiyar. Me kika gani?”

Ta duba. A sararin samaniyar wasan akwai wata inuwa mai fiffike uku. Ta shafe mako uku a tsibirin nan, ba ta taɓa ganin komai a saman ba sai gajimare.

“Jirgi ne,” in ji Yaya. “An bar kwalekwale, yanzu tashi za a riƙa yi. Wani ya yi bidiyon minti ashirin a kai. Ya ce yana da ɗan'uwa a kamfanin, kuma wata mai zuwa za a sanar.”

“Babu jirgi a ciki.”

“Ke kika yi wasan?”

“A'a. Ina nufin... bai yi kama da jirgi ba.”

“To da me ya yi kama, Farfesa? Kin ga matsalar digiri ke nan, mutum ya ga jirgi ya ce sai an kawo masa hujja.”

Bayan ya tafi ta shiga ɗaki ta kunna kwamfuta, ta kai kwalekwale gaban hasumiya, ta ɗaga kai sama. Gajimare. Ta zagaya ta baya, ta jira rana ta faɗi a wasan, ta sake fitowa. Babu komai. Ta fara tunanin ko akwai jirgin ne ita ce ba ta gani ba, ko kuma kwafin wasu ya bambanta da nata, ko ma dai hoton ba nata ba ne, wata ce mai irin mayafinta. Ta jingina da kujera ta rufe ido. Da ta buɗe, allon ya yi duhu don ya daɗe ba a taɓa shi ba, sai ga jirgin nan a tsakiyarsa, fiffike uku, tsaye cak. Ta ɗaga kai. Fankar silin ce, wadda ta lalace tun bara.

Washegari a ofis aka tara su a ɗakin taro. Shugabar sashensu, wadda suke kira Anti, ta haska hoton a bango.

“Ba zan yi dogon bayani ba,” ta ce. “Lambar ta fara da ɗaya, wato ɗayanku ne. Amma kafin nan, wa ya ga wannan jirgin a kwafinsa? Masu zane sun ce ba su suka zana ba. Masu haɗa wasan sun ce a tambayi masu zane. Mai kamfani ya kira ni sau biyu, yana tambaya ko akwai abin da ake yi a bayan idonsa.”

Wanda ke kusa da Auta, mai lamba sha huɗu, ya ɗaga hannu a hankali ya ce shi kamar ya taɓa ganin wani abu ya gifta. Anti ta ce ya rubuta rahoto. Sannan ta ce in ba a san mai hoton ba zuwa ranar Litinin, za a karɓe kwafin kowa, aikin gida ya ƙare, kuma ba ta da tabbacin za a sabunta wa ko mutum ɗaya cikin taran kwantiragi. Mai sha biyu, wadda ke aiki daga gida saboda jaririyarta, ta sunkuyar da kai. Auta ta sake kallon hoton a bango. Me za ta ce? Ɗakinta ne, fankarta ce, amma ita ba ta ɗauki hoto ba, ba ta kuma san wanda ya ɗauka ba.

A mota tana komawa gida ta yi ta kallon hoton. Daga bakin ƙofa aka ɗauka, daga sama. Mama ba ta kai tsayin nan ba. Yaya da ya gani da tuni unguwa ta ji.

Ta tarar da Baba a tsakar gida yana goge tabarau. Tsohon direban motar ma'aikata ne, shekara talatin yana tuƙi, bai taɓa ko ƙwarzanar fenti ba, kuma yana son a san haka.

“Baba, ka taɓa ɗaukata hoto ina aiki?”

Fuskarsa ta washe. “Au, kin gani? Ya yi kyau ko?”

Ta durƙusa a gefensa. “Wa ka tura wa?”

“Zaurenmu na waya, na tsofaffin direbobi. Mu goma sha biyu ne kacal.” Ya gyara zama. “Wannan mai bakin, wanda ɗansa ke banki, kullum sai ya ce, ‘Ya mutuniyar, har yanzu ana wasan?’ A gaban mutane. Na ce aiki take yi. Ya ce aikin me? Na ce ban sani ba, an hana ta faɗa. Suka kwashe da dariya. Shi ne na ce bari su gani da idonsu.”

“Baba, an hana a nuna abin da ke kan allon.”

“Ai saboda haka na bi a hankali. Kin ga fuskarki a ciki? Ni zan tura fuskar 'yata cikin maza goma sha biyu? Ta baya na tsaya, na kauce miki sarai, na ɗauki talabijin ɗin kawai. Sau uku ina ɗauka kafin ya fito tas.”

Ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya. Ta yi masa bayanin takardar, da lambar, da mutum taran. Baba ya saurara, tabarau a hannu. Ya ce wani cikin direbobin ya ce zai nuna wa jikansa mai son irin waɗannan abubuwa, shi kuma ya ce a nuna.

“To shi jirgin da yayanki yake ta magana fa?” ya tambaya. “Ke kika yi shi?”

“Fanka ce, Baba.”

“Wace fanka?”

Mama daga ɗaki ta ce, “Wadda na ce ka kira mai gyara tun bara!”

Ranar Juma'a Auta ta rubuta wa Anti saƙo. Ta goge sau shida. A na farko ta ce wani baƙo ne, a na uku ta ce ba ta san yadda aka yi ba. Wanda ta aika ya ce: lambar sha bakwai ce, mahaifina ya ɗauka ban sani ba, laifina ne da na bar ƙofa a buɗe, sauran takwas ba ruwansu, kuma jirgin fankar ɗakina ce. Ta haɗa da hoton fankar.

Baba ya sa babbar riga ya ce zai bi ta ofis ya yi bayani da bakinsa. Da ƙyar ta lallashe shi ya zauna. Har yanzu bai gane yadda hoton da babu fuskar kowa zai zama tonon asiri ba, amma ya daina shiga zauren direbobin.

Anti ta kira ta bayan awa ɗaya. Muryarta ba fushi, ba sakin fuska. Ta ce ta gode da gaskiya. Ta ce takarda takarda ce, lauyan kamfani yana cewa a sallame ta. Masu talla kuma suna cewa ba a taɓa maganar wasansu haka ba, har mai kamfani ya tambayi masu zane ko wata nawa zai ɗauka a sa jirgi na gaske. Wasu na cewa a fito a ƙaryata, wasu na cewa a yi shiru.

“To ni fa, Anti?”

“Ke ma ana magana. Kada ki taɓa kwafin, kada ki ce wa kowa komai. Za a zauna ranar Litinin.”

Litinin ta zo, aka ɗage zaman zuwa Laraba, mai kamfani ya yi tafiya. Sauran takwas sun koma aikinsu. Yau Alhamis, gwajin Auta zai cika gobe, kuma har yanzu ba a kira ta ba.